Firmin na Kan Dutse

A Montcerf in ka ce Firmin Barraud sai a tsaya kallonka, don Barraud suna da yawa a garin, rabinsu kuma masu haɗa gangunan katako ne na zuba ruwan inabi. Amma ka ce Firmin na kan dutse, ko tsohuwar da ta fara rikicewa za ta ɗaga haɓa ta nuna maka gabas, inda kufan hasumiyar yake. Shekara talatin da ɗaya ya yi a can sama.

Shi ma ɗan mai haɗa ganga ne, kuma da an bar shi da a sana'ar gidansu zai tsufa. Yana ɗan shekara goma sha tara aka kwashe su zuwa yaƙi, shi da samari takwas na garin. Uku suka dawo. Firmin ya dawo da raunin harsashi a gwiwar hagu, ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, aikin ganga kuwa duk durƙuso ne da zagaye. Haka ya zauna shekaru a gefen shagon ubansa yana fere turakun katako, yana cin abinci kansa a sunkuye kamar baƙon da ya daɗe.

A shekarar 1821 gwamnati ta ja layin tangaraho daga Lyon zuwa bakin teku, aka zaɓi dutsen Montcerf za a dasa hasumiya ɗaya a kai. Tsofaffin sojoji ake nema, masu kaifin ido, waɗanda suka iya riƙe alƙalami. Firmin ya je, aka sa shi ya ƙirga tagogin wata coci da ke hayin kogi, ya ƙirga, aka ɗauke shi.

Wanda bai ga abin ba zai zaci wani abin mamaki ne, alhali katako ne da igiya. A kan rufin hasumiyar akwai dogon gungume a tsaye, a kansa an gicciye wani katako baƙi mai tsawon mutum biyu da ɗoriya, kowane ƙarshensa da ɗan hannu mai juyawa. Igiyoyi sun sauko ta rufi zuwa cikin ɗaki, inda mai aiki yake murɗa mariƙan tagulla, yadda ya karkata su a ƙasa haka hannuwan suke karkata a sama. A bango akwai madubin hangen nesa guda biyu a kafe, ɗaya yana kallon hasumiyar arewa, ɗaya ta kudu. Ka leƙa ka ga yadda na arewa ya tsai da hannuwansa, ka tsai da naka daidai, ka leƙa ka tabbatar na kudu ya kwaikwaye ka, ka rubuta siffar a littafi. Sai na gaba. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ranar Lahadi. In sama ta yi garau, magana takan bar Paris bayan karin kumallo ta isa teku kafin a kwashe kwanuka.

Abin da maganar take nufi kuwa, Firmin bai sani ba. Manya a birane ne kawai ke da littafin fassara. Shi 'yan alamun aiki kaɗai aka koya masa: hazo ya rufe, an yi kuskure, a dakata, a tashi. A ƙa'ida mutum biyu ake sawa suna karɓa-karɓa, amma abokin aikinsa ya gaji da iskar dutsen a shekara ta huɗu ya koma garinsu, aka yi ta cewa za a turo wani, har aka daina cewa.

Mutanen gari ba su so hasumiyar ba tun farko. Shekarar da aka gina ta ƙanƙara ta lalata inabi, tsofaffi suka ce waɗannan baƙaƙen hannuwa ne suke yafito hadari. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne imanin da suka yi cewa Firmin ya san duk labarin duniya yana ɓoyewa. In ya shigo gidan shan ruwan inabi da yamma sai hira ta mutu, wani ya ce, “A gyara baki, kunnen gwamnati ya iso.” Wani kuma ya matso ya ce, “Firmin, tsakanina da kai, farashin alkama zai hau ko zai sauka?” In ya ce bai sani ba, sai a yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A hankali ya daina zuwa.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi, Pélagie, mai kiwon tsutsar siliki a saman gidan uwarta. Ganyen da take ciyar da tsutsotsin a gindin dutsen yake, wata rana ruwa ya koro ta cikin hasumiyar. Ta tsaya tana kallon yadda yake tsalle da ƙafa ɗaya tsakanin madubi da madubi, ta ce, “To yanzu me ka faɗa?”

“Ban sani ba.”

“Ka yi zufa haka, ba ka san me ka ce ba? Ashe kai ma kamar limaminmu ne in yana addu'a da Latin.”

Ya yi dariya har ya kusa ɓata alama. Bayan shekara ɗaya suka yi aure. Kullum da tsakar rana takan hau dutsen da kwando, burodi da cukun akuya da miyar wake a tukunya, ta zauna a bakin ƙofa tana ba shi labarin gari yana aiki. Injin kuwa “surukina” take ce masa. “Gaishe da surukina bebe, mai surutu da hannu.” Ba su samu haihuwa ba. Ta ce ba komai, tsutsa dubu goma ta ishe ta raino.

A shekarar da aka tura sojoji Aljeriya, wata mata mai suna Zélie ta hau dutsen. Gwauruwa ce, ɗanta tilo yana cikin waɗanda aka tura. Ta tsaya tana haki, ta ce, “Firmin, da uwarka muka yi wasan ƙasa. Tun safe abin nan bai huta ba, kowa ya gani. An yi faɗa ko? Ka gaya mini kawai ko Mathurin yana raye.”

“Inna, wallahi ban san abin da ke wucewa ba. Siffa kawai nake gani.”

“Ka duba littafin naka.”

Ya buɗe mata littafin. Ta kalli layukan 'yan zane-zane kamar sawun kaji, ta kalle shi, ta rufe littafin da kanta. Ta ce, “Allah ya ba ka ranar da za ka nemi labari.” Ta juya ta sauka. Wata biyu bayan nan takarda ta zo cewa yaron ya mutu da ciwon ciki a sansani. Garin ya yanke cewa Firmin ya sani tun ranar, ya rufe baki.

Shekara biyar bayan haka, a ƙarshen bazara, zazzaɓi ya kwantar da Pélagie. Kwana uku yana hawa dutse hankalinsa a gida. A rana ta huɗu ta farka da sauƙi, har ta sha romo, ta ce, “Tafi mana, kana tsaye a kaina kamar bishiya. Surukina zai yi fushi.” Ya tafi.

Ranar sama ta yi tas, saƙo kuwa ya taso daga kudu, dogo, wani na bin wani. Da hantsi ya ɗaga, Firmin ya waiga ta ƙofa, ya hango garin a ƙasa, ya hango baƙar rigar limamin coci tana shiga lungun gidansu. A lungun akwai gida biyar. Ya ce wa kansa ai akwai tsoho Fayolle da ya daɗe a kwance. Ya leƙa madubi, ya murɗa, ya rubuta. In mutum ɗaya ya saki mariƙi a tsakiyar saƙo, layin gaba ɗaya ya tsinke daga teku har Paris, kuma an san ko wane ne. Ya ce bari wannan ya ƙare. Wannan ya ƙare, wani ya biyo. Ya sake waigawa, ya ga mata suna taruwa a lungun. Ya ce bari wannan ma ya ƙare.

Rana ta take tsaka aka buga ƙofa. Zélie ce, ita kaɗai aka samu ta yarda ta hau. Ta tsufa, hawan ya ɗauke ta fiye da sa'a guda. Ba ta shigo ba. Ta ce, “Ka sauko, Firmin. An gama. Ta yi ta tambayarka, sannan ta daina.”

Ya ɗaga alamar dakatawa, ya sauka. Suka tako tare shi da Zélie, gurgu da tsohuwa, har gari.

An binne ta washegari da yamma. Bayan kwana biyu ya koma bakin aiki, don ba wanda zai karɓe shi, kuma gidan ya fi ƙarfinsa. Amma idon da ya ƙirga tagogi a hayin kogi ya zama ba ya rabuwa da ruwa. Sai ya tsai da hannun dama inda ya kamata ya tsai da na hagu. Na hasumiyar arewa bai yi wata-wata ba, ya rubuta shi wajen sufeton layin har sau biyu. Na kudu kuwa wani abu ya yi. In Firmin ya kuskure, sai ya riƙe alamarsa bai sauya ba, ya ɗan girgiza hannun da aka ɓata, kaɗan kawai, kamar mai taɓa kafaɗar ɗan'uwansa, ya jira. In Firmin ya gyara, sai ya ci gaba a hankali. Haka ya yi ta yi har kusan wata uku, bai taɓa ɗaga alamar kuskure ba.

Sunansa kawai Firmin ya sani, a bakin sufeto ya ji: Bastien Courtial, na hasumiyar Roquemaure-le-Haut, a hayin kogi. A madubi hasumiyar kawai ake gani da 'yar bukka a gefenta, wani lokaci da ɗigon mutum yana wucewa. Firmin ya tabbata a ransa cewa labarin rasuwar ya haye kogi ta bakin masu fito, mutumin ya ji, yana yi masa ta'aziyya ne ta hanyar da ya iya. A duk faɗin ƙasar, shi kaɗai ya yi.

Daga nan Bastien ya zama abokin hirarsa. Ya sayar da tsutsotsin Pélagie, ya kwaso shimfiɗarsa ya dawo ɗakin ƙasan hasumiya, sau ɗaya a mako yake sauka sayen burodi. Da safe yana goge madubi yakan ce, “Bastien, yau iskar arewa za ta ba mu wuya.” In hazo ya rufe kwarin kwana biyu ko uku, babu aiki, sai ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta shafa wa igiyoyi kitse waɗanda ya riga ya shafa. Da hazon ya yaye ya hango baƙaƙen hannuwan can kudu, sai abinci ya shiga. Ya san hannun mutumin kamar yadda ake sanin takun maƙwabci. Da farko hannu ne mai ƙarfi, yana fizgar katako ya tsai da shi cak. Bayan wasu shekaru ya yi laushi, ya zama mai kai alama wurinta a natse. Firmin ya ce tsufa ne, ya zo wa kowa.

Ya sha yin niyyar rubuta masa wasiƙa. Ya fara sau uku, bai wuce gaisuwa ba. Zuwa kuwa tafiyar yini ce ga mai ƙafarsa, ga fito, ga aikin da ba shi da ranar hutu.

A shekarar 1852 aka fara kafa turaku a gefen babbar hanya ana ɗaura musu waya. Sufeto ya hau dutsen, saurayi ne sabo, ya ce daga ƙarshen wata an rufe layin, wayar tana kai magana ko da hazo ko da ruwa. Ya yi masa godiya a madadin gwamnati, ya karɓi madubai biyun da littattafan, ya tafi da su a kan alfadari. Ramuka biyu suka rage a bango, iska tana busowa ta ciki.

Firmin ya yi kwana tara yana zaune. A na goma ya aske gemu, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki sanda da kwalbar ruwan inabi mai kyau, ya kama hanyar kogi. Shekararsa hamsin da tara. Da la'asar ya isa bukkar da ya shekara talatin yana hange. Ta fi yadda ya zata ƙanƙanta. A ƙofa wani ƙaton tsoho yana zaune yana ɓare wake, idanunsa fari fat kamar madara.

“Sallama. Bastien Courtial nake nema.”

“Ka same shi, abin da ya rage. Wane ne?”

“Firmin Barraud. Na Montcerf.”

Tsohon ya saki kwanon waken, ya ɗaga murya. “Honorine, fito ki ga maƙwabcinmu. Mutumin arewa ne da kansa. Yaya kamarsa? Dogo ne? Na ce miki gajere ne mai tumbi.”

Matarsa, wata 'yar siririya, ta fito tana goge hannu a zani, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, “Dogo ne, kuma ba shi da tumbi. Ba ka canka ba, Bastien. Sannu da hanya, ɗan'uwa. Ashe ƙafa ce. Shi ya sa kullum kake jinkiri in za ka koma madubin kudu.”

Firmin ya tsaya yana kallonta. Bastien ya yi dariya ya ce, “Yanzu dai ba wanda zai kore mu, sai a faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban ga ko tafin hannuna ba. Ita ce take yi. In sufeto zai zo, mai fito ya aiko mana, in hau in zauna in riƙe mariƙi ina zage-zage, ita tana shara a bayana tana raɗa mini hagu ko dama.”

Suka shiga ciki. Honorine ta zuba miyar kabeji da naman alade, aka buɗe kwalbar da ya kawo. Bastien mutum ne mai surutu, ya ba da labarin yaƙinsa, ya zagi na hasumiyar kudu da su, ya zagi waya da wanda ya ƙirƙiro ta. 'Ya'yansu huɗu, jikoki tara, duk ya lissafa sunayensu. Firmin yana ci yana saurare. Maganar da ya shekara goma sha bakwai yana tanadi kuwa, sai da kwalbar ta yi rabi ya iya fito da ita.

“Na zo ne in yi maka godiya. Abin da ka yi mini a kakar shekara ta talatin da biyar, ban manta ba.”

Bastien ya karkata kai. “Talatin da biyar? A'a, tsaya. Lokacin da ka kama shan giya?”

“Giya?”

“To me? Wata uku hannunka yana rawa kamar na mai farfaɗiya. Na ce wa Honorine, mutumin arewa ya faɗa ganga, in na rubuta shi za su kore shi su kawo mana wani ɗan iska mai gaggawa. Gara mashayin da na sani. Ai na ji daɗi da ka daina.”

Firmin ya ajiye cokali. Ya ce, “Ban sha ba. Matata ce ta rasu.”

Bastien ya lalubi kofinsa ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, “Ba mu ji ba, ɗan'uwa. Wallahi ba mu ji ba. Wa zai gaya mana?”

Honorine ce ta ja kujerarta kusa. Ta ce, “Yaya sunanta?”

“Pélagie.”

“Wace irin mace ce?”

Tun ranar da aka binne ta ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya fara da tsutsar siliki, ya faɗi kwandon tsakar rana, ya faɗi limami da Latin, Bastien ya yi dariya har da buga tebur. Ya faɗi ranar da ya ga baƙar riga a lungu bai sauka ba. Nan Honorine ba ta ce masa ba laifinsa ba ne. Cewa ta yi ranar da 'yarsu ta fari take naƙuda a ƙauyen da ke ƙasa, ita ma tana sama tana murɗa tagulla, sai da rana ta faɗi ta sauka, Allah ya sa an sauka lafiya. Ta ƙara masa miya.

Kwana biyu ya yi a wurinsu. Sun ce ya zauna, akwai ɗaki, amma gidan cike yake da jikoki masu shiga da fita, kowa ya san wurinsa, shi kuwa bai san inda zai ajiye ƙafarsa ba. A hanyar komawa, cikin jirgin fito, ya lura bai san da wa zai yi magana gobe da safe ba. Bastien na cikin madubi da wannan tsoho mai dariya ba mutum ɗaya ba ne, ga shi na farkon ya tafi.

Gwamnati ta sayar da hasumiyar ga wani manomi, ya kwashe katakon ya yi rumbu. Firmin ya koma gidansa na lungu, ɗan wansa ya ba shi gefen shago yana fere. Idonsa bai taɓa raguwa ba, makiyaya sukan zo su ce, “Baba Firmin, duba mana gangaren can, tunkiya ce ko dutse?” Ya duba ya faɗa musu. Kowace shekara bayan an gama tsinkar inabi yakan haye kogi ya kwana biyu a gidan Courtial, ya tafi musu da ƙaramar ganga da ya haɗa a zaune. Sau biyar ya je. A shekara ta shida Bastien ya rasu, babban ɗansu ya zo ya ɗauki Honorine zuwa Valence.

Firmin ya ƙara shekara biyu. A cikin hunturu maƙwabciyarsa ta ga kwana biyu hayaƙi bai tashi a gidansa ba, ta tura ƙofa, ta same shi a kujera da takalmansa a ƙafa. Mutum tara suka raka shi, har da masu ɗaukar akwati. Bayan mako uku wasiƙa ta zo da sunansa daga Valence, Honorine ta sa an rubuta tana gayyatarsa bikin jikarta, ta ce za a aiko da keken doki har bakin kogi saboda ƙafarsa. Limamin coci ne ya buɗe, shi ne kuma ya ba ta amsa.